Na Ɗauka Tarko Ne, Ashe Mahaifina Ne Yake Nemana

Assalamu alaikum Edita, tare da masu karatu. Na daɗe ina bin labaran da mutane suke aiko wa wannan shafi, ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana ni ma zan zauna in rubuta nawa ba. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba, domin Injamena duk girmanta, mu Hausawan cikinta mun san juna.

Lokacin da abin ya faru shekarata ashirin da tara, da aurena da 'yata guda. A Farsha aka haife ni, unguwar da kukan shanu yake tashin mutum tun kafin gari ya gama wayewa. Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa a ƙasa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya ce bari ya yi fawa ta shekara guda sannan ya wuce, ga jikokinsa nan har yau ba mu wuce ba. Babana ya gaji fawar. Mahaifiyarmu ta rasu ina tsakiyar karatun lise, wato babbar sakandare, saboda haka yayata ce ta ƙarasa rainona, ita da Baba. Shi ne kuma ya tsaya kai da fata sai na yi karatu mai zurfi, duk da surutun da 'yan uwa suka yi ta yi masa. Na karanta ilimin kwamfuta, na samu aiki a wani kamfani da yake ajiye wa ƙungiyoyi da ma'aikatu bayanansu, aka sa ni a sashen tsaro. Na auri malamin makaranta, muka kama haya a unguwar Mursal. A wancan lokacin ni mace ce mai fara'a da son hira, duk Juma'a ina Farsha, Baba ya ajiye mini tsokar da ya san ina so, mu zauna a tabarma ina ba shi labarin ofis yana dariya, ko da yake na san rabin abin da nake faɗa bai gane ba.

Aikinmu shi ne hana masu kutse shiga na'urorin kamfani su saci bayanan mutane ko su lalata su. Mu uku ne a sashen: shugabanmu da muke kira shef, da ni, da wani abokin aiki namiji. Yini guda ina gaban allo, gargaɗi yana sauka ɗaya bayan ɗaya kamar ruwan indararo, mafi yawansu ba komai ba ne, amma dole ka duba kowanne domin ba ka san wanda yake ɗauke da masifa ba. Akwai kuma wani ɓangare na aikin da aka damƙa mini ni kaɗai. Lokaci-lokaci nakan rubuta saƙon ƙarya in aika wa ma'aikatanmu, in ga waɗanda za su faɗa, domin a koya musu hattara. Na ƙware a wannan har abin ya riƙa ba ni tsoro. Na iya rubutu da salon darakta, na iya rubutu kamar daga makarantar 'ya'yan mutum. Akwai wata dattijuwa sakatariya da na aika wa saƙo kamar daga asibiti, ta latsa ba ta ko tsaya tunani ba, da aka gaya mata gwaji ne ta shiga banɗaki ta yi kuka. Na ba ta haƙuri, amma abin da na ɗauka daga ranar shi ne, idan kana son mutum ya bar hankalinsa, ka taɓa masa wanda yake ƙauna.

Ana haka sai na gaske ya same mu. Wasu suka kira wani ma'aikacinmu da Larabcin gari tsantsa, suka ambaci sunayen 'ya'yansa da unguwarsu, suka ruɗe shi har ya buɗe abin da suka aiko masa. Kwana huɗu na'urorinmu suna kulle, masu hulɗa da mu suna ta kira, darakta yana hawa yana sauka. Da ƙura ta lafa aka bi sawu, sai aka ga gargaɗin shigarsu ya bayyana a allona wata Alhamis da la'asar, kuma an rufe shi da sunana. Shef ya ce kada in damu, gargaɗin ya yi kama da ɗaruruwan da muke rufewa kullum, ko shi ne zai rufe. Babu wanda ya zarge ni. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai ba rufewar ba ce, a'a, na yi iya tunanina ban tuna na taɓa ganin wannan gargaɗin ba. Hannuna ya yi abu, ƙwaƙwalwata ba ta da labari. Tun daga nan na daina yarda da kaina. Wata biyu bayan haka abokin aikinmu ya samu wani wuri ya tafi, ba a kawo madadinsa ba, aikin mutum uku ya dawo kan biyu, kuma shef rabin lokacinsa a taro yake.

Ba zan iya cewa ga ranar da na fara canzawa ba. Na dai san nakan hau kalando, wato babur ɗin haya, in nufi gida, mu yi nisa, sai zuciyata ta ce ban kulle kwamfuta ba, in ce wa mai babur ya juya. In je in tarar a kulle take, in fito, kafin in kai bakin ƙofa shakkar ta dawo. Na fara ɗaukar hoton allon da waya domin in riƙa dubawa a hanya, sai kuma in riƙa tambayar kaina ko hoton na yau ne ko na jiya. Na yi ta canza kalmomin sirrina har wata rana na kulle kaina a waje, na zauna ina kallon allo hawaye yana zuba, ban san ko mantuwa na yi ba ko wani ne ya riga ni shiga. A salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. Barci ya zama na kaza. Mai gadinmu, dattijon kirki, idan ya gaishe ni da safe ya tambayi lafiyar 'yata, sai in wuni ina tunanin me ya sa yake son sani. Na karɓi wayar mijina na goge masa abubuwa da yawa, na hana shi sa hoton 'yarmu a ko'ina, na tara mutanen gidanmu na yi musu huɗuba cewa duk baƙuwar lamba kada a ɗauka. Zuwa Farsha ya ragu daga kowace Juma'a zuwa sau ɗaya a wata, in na je ma idona yana kan waya.

Abin da ya fi ruɗa ni shi ne, kowa da abin da yake gaya mini, kuma kowanne in na saurara sai in ga kamar shi ne mai gaskiya. A ofis yabona ake yi. Shef ya faɗa a gaban darakta cewa tun bayan kutsen babu abin da ya sake wuce ni, ya ce da ma kowa irina ne. Mijina ya ce na rame, na daina dariya, in nemi hutu ko na mako biyu ne. Yayata ta ce wannan ba gajiya ba ce, baki ne ko iska, tun da na samu aikin nan idon mutane yake kaina, ta kawo mini rubutu da turaren hayaƙi. Wata ƙanwar Baba kuma ta ce babu abin da yake damuna sai girman kan 'yan boko, na fara ƙyamar warin kwata. Na sha rubutun, na yi hayaƙin, hutun ne kawai ban nema ba. Ni kaɗai ce mace a duk ɓangaren fasaha na kamfanin, na san ranar da na ce na gaji, akwai waɗanda za su ce da ma aikin ya fi ƙarfin mace. Ban da haka, ni kaina ban san me zan ce yana damuna ba. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Ta yaya zan je wurin likita in ce masa cutata ita ce ina yin aikina da kyau? Baba ne kaɗai bai ce komai ba. Ranar da na je gaishe shi ta ƙarshe yana da lafiya, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in na samu sarari in dawo, akwai maganar da yake so mu yi, ba ta gaggawa ba ce. Na ce to, na fita ina duba waya.

Mako uku bayan nan, wata Talata a tsakiyar bazara, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, wata lamba da ban sani ba ta kira ni. Ban ɗauka ba. Ta sake kira sau biyu, sannan saƙon murya ya shigo. Wani mutum ne yake magana da Larabci mai karin Fulatanci, ya ce shi dillalin shanu ne abokin babana, Baba ya yanke jiki ya faɗi a kwata, sun kai shi asibiti, ya faɗi sunan asibitin, ya ce in zo maza domin ni yake ta kira. Har na miƙe na ɗauki jaka. Sai wani tunani ya zo mini, sanyi ƙalau: ai wannan shi ne saƙon da ni kaina zan rubuta idan ina son in tayar da wata daga kan kujerarta. A makon nan muna sauya wa bayanan wata babbar ƙungiya wurin ajiya, shef yana taro a wajen ofis, ni kaɗai ce a gaban allo. Idan mutanen nan sun san sunayen 'ya'yan ma'aikacinmu, me zai hana su san sana'ar babana? Na koma na zauna. Na kira lambar Baba, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira yayata, a kashe. Na kira mijina, a kashe, ko da yake na san in yana aji kashewa yake yi. Maimakon wannan ya tsorata ni, sai ya ƙara tabbatar mini cewa an shirya abin da kyau, an bi an toshe duk hanyar da zan bi in gane gaskiya.

Bayan kamar rabin sa'a wani saƙon ya shigo daga lambar, wannan karon muryar yayata ce, tana kuka, tana cewa in zo don Allah, Baba yana tambayata. Na sa abin sauraro a kunne na yi ta maimaita shi. A wurin aiki an koya mana cewa yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum da na'ura, ni da kaina na koyar da wasu hakan. Na lura ta kira ni da sunana na yanka, alhali tun ina ƙarama da sunan gida take kirana. Na lura akwai wurin da muryar ta ɗan yanke. Na lura ba ta yi sallama ba. Na rubuta waɗannan a takarda, ɗaya, biyu, uku, kamar yadda nake yi wa kowane saƙon tarko. Rabin zuciyata tana cewa wannan kukan yayarki ne, kin san shi tun ranar da Inna ta rasu. Rabin kuma tana cewa haka sakatariyar nan ta ji kafin ta latsa. Asibitin bai fi tafiyar minti goma sha biyar a kan babur ba. Har yau idan na tuna wannan sai in rasa yadda zan bayyana wa kaina. Ban yi tunanin in je in gani da idona ba. Ban yi tunanin in aiki wani ba, ko in kira maƙwabtanmu na Farsha. Abin da na yi shi ne na toshe lambar, na rubuta wa shef rahoto cewa an yi yunƙurin yaudarata ta hanyar iyalina kuma na daƙile shi. Na yi sallar azahar a ofis, ban san raka'a nawa na yi ba, na koma kan allo.

Wajen ƙarfe uku mai gadi ya ce mijina yana ƙasa. Dillalin shanun ne ya je har makarantarsu ya same shi, bayan sun gaji da nemana. Na sauko na gan shi tsaye a rana, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya ce in ɗauko jakata mu tafi, Baba ba lafiya. Wallahi ina kallon fuskar mijina, uban 'yata, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, wa ya gaya masa, kuma ta yaya ya tabbatar. Ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba, sannan ya ce:

"Daga wurinsa nake. Da hannuna na riƙe hannunsa. Me kike so in kawo miki kafin ki yarda?"

Ban san yadda muka isa asibitin ba. Na tarar da Baba kwance, gefen bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ba ya motsi. Hawan jini ne ya buge shi. Da aka kawo shi da safe yana magana, ko da yake harshen ya yi nauyi, kuma cikin sa'o'in nan uku babu abin da yake tambaya sai ko na iso. Wajen ƙarfe biyu abin ya sake dawowa, maganar ta ɗauke. Wayarsa tana aljihun rigar da ya rataye a kwata, ta yayata kuma caji ya ƙare mata tun a hanya. Na durƙusa a gefen gadon na kira shi, ya juyo da idonsa ya kalle ni, leɓensa ya motsa, babu abin da ya fito. Yayata ta ja ni waje, a gaban mutane, muryarta ƙasa-ƙasa, ta tambaye ni ko saƙonta bai shiga ba. Da na yi ƙarya na ce bai shiga ba, da wataƙila an wuce wurin. Amma na gaya mata gaskiya, har na soma yi mata bayanin sunan yanka da yankewar murya, ina jin kaina ina faɗa, ina jin yadda maganar take kama da ta wadda ta zare. Ta bari na gama, ta ce:

"Ni ban ma san da wane suna na kira ki ba. Ubana yana mutuwa a hannuna, zan tsaya zaɓen suna? Ni na goya ki, ki ce ba ki gane kukana ba?"

Ba ta sake yi mini magana ba sai bayan wata biyu, ban da abin da ya shafi jinya.

Mutum zai zaci wannan ya isa ya farkar da ni, amma ciwon bai san haka ba. A kwanakin jinyar sai ya koma kan asibitin. Na riƙa ɗaukar hoton kowace kwalbar ƙarin ruwa, ina karanta takardar kowane magani sau uku, ina tambayar ma'aikatan jinya wa ya aiko su. Likitar da take duba Baba, wata mace mai natsuwa da ta girme ni sosai, ta lura. Wata rana ta kira ni ofishinta, na ɗauka maganar Baba ce, sai ta tambaye ni yaushe rabona da barcin kirki, da kuma irin aikin da nake yi. Ban san abin da ya faru ba, na buɗe baki na gaya mata komai, tun daga gargaɗin Alhamis har zuwa toshe lambar. Ta ce akwai abokin aikinta da yake duba masu irin wannan damuwar, tana so in gan shi. Na ce mata ni ba mahaukaciya ba ce. Ta ce ba ta ce haka ba, ta ce babana jininsa ne ya hau shekara da shekaru ba a kula ba har ya kwantar da shi, ni kuma wani abu ne daban yake hawa, kuma shi ma ana iya kula da shi kafin ya kwantar da ni. Na yi mako biyu ina juya maganar. Mijina ya kai ni wurin limamin unguwarmu, ina zaton zai ce aljanu ne, sai ya yi mini addu'a ya ce in ci gaba da azkar, amma in je wurin likitan, domin wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, kuma bai ce a zauna ba.

Na je. Likitan ya saurare ni zama uku kafin ya ce komai mai tsawo. Ya ce matsananciyar fargaba ce ta haɗu da gajiyar da ta daɗe tana taruwa, kuma yana ganin irinta a wurin mutanen da aikinsu shi ne jiran mugun abu ya faru. Ya ba ni magani, ya sa ni zuwa hira duk mako, ya rubuta mini takardar hutu. Ranar da na kai wa shef takardar na shirya jin magana, sai ya rufe ƙofa ya zauna. Ya ce ya karanta rahoton da na aiko masa ranar Talatar nan, har ya yi niyyar ya nuna wa ma'aikata a matsayin misali, kafin ya ji abin da ya faru. Ya ce shi ma ya fi shekara yana kwana da waya a ƙarƙashin matashi, matarsa ta gaji da magana. Shi ne ya je ya tsaya a gaban darakta har aka ɗauki mutum biyu, aka raba mana kwanakin jiran kira, aka ce wanda ba ranarsa ba ce ya kashe wayar aiki in ya tashi. Wata uku na yi a gida, yawancinsu a Farsha, ina yi wa Baba kunu ina ba shi a baki.

Wata bakwai Baba ya yi a kwance. Ya dawo da ɗan motsin ƙafa, yana gane kowa, yana murmushi da rabin fuskarsa idan 'yata ta hau gadonsa, amma magana ba ta dawo ba. Sau da yawa nakan zauna kusa da shi in ce, Baba, maganar nan da ka ce za mu yi, mece ce? In yi ta kawo masa abubuwa, ko gida ne, ko maganar yaya ce, ko aikina ne, ko saƙo ne ga wani. Wani lokaci ya lumshe ido kamar e, wani lokaci ya kawar da kai, wani lokaci ya damƙe hannuna da hannunsa mai lafiya kawai. Na roƙe shi gafara ba sau ɗaya ba, kowane lokaci sai ya ɗora hannun a kaina. Na ɗauki hakan a matsayin yafiya, ko da yake ba ni da yadda zan tabbatar, kuma likitan ya koya mini in bar wasu abubuwa ba tare da na tabbatar ba. Ya rasu da safiyar wata Lahadi bayan an gama ruwan damina, ni da yayata muna ɗakin. Bayan sadakar bakwai, muna wanke tukwane mu biyu a tsakar gida, ta ce mini, ba tare da ta ɗago kai ba, ita ma tana da laifi, ta ga ƙanwarta tana nutsewa ta kawo mata turare. Na ce ba laifinta ba ne. Muka ci gaba da wanke-wanke muna kuka.

Yanzu shekara biyu ke nan. Na koma aikina, a sashen da nake, kuma ina son sa, domin bayanan da muke tsarewa na mutane ne masu rai, marasa lafiya da ma'aikata da marayu. Na roƙi a ɗauke mini rubuta saƙonnin gwaji, aka ba wani. Har yanzu ina ganin likita sau ɗaya a wata. Ba zan ce na gama fahimtar abin da ya same ni ba. Akwai ranakun da nake zama in bi matakan da na ɗauka a wannan Talatar, in ga kowanne daidai yake da abin da aka koya mini, kuma da wani ma'aikaci ne ya zo da irin labarin, da na yaba masa. To a ina na kauce? Na tambayi likitan, ya ce shakkar ba laifi ba ce, mai lafiya ma zai iya yin ta, amma mai lafiya zai tashi ya je ya duba, ni kuwa tsoro ya riga ya ɗaure ni a kujera tun watanni kafin wayar ta yi ƙara. Wani lokaci amsar tana gamsar da ni, wani lokaci ba ta yi.

Abin da na sani tabbas shi ne alamun sun daɗe suna nan, ni da na kusa da ni duk mun gan su, kowa ya ba su sunan da ya ga dama, babu wanda ya ce ciwo ne. Saboda haka nake kira ga 'yan uwana masu irin wannan aikin, da duk wanda sana'arsa ita ce zargi da sa ido, ko a banki yake ko a ina: ranar da ka ga ka fara komawa duba ƙofar da ka san ka kulle, ranar da gaisuwar maƙwabci ta fara yi maka kama da bincike, kada ka jira yabon shugabanka ya gaya maka lafiyarka ƙalau. Ka faɗa wa wani, ka nemi hutu, ka ga likita, ba hauka ba ne kuma ba raunin imani ba ne. Shugabanni kuma su ji tsoron Allah, kada su ɗora wa mutum ɗaya gadin da ya kamata mutum uku su yi, don kawai bai yi ƙorafi ba. Iyalai, idan naku ya canza, ku yi masa addu'a, sannan ku kama hannunsa ku kai shi inda za a duba shi. Wanda kuma iyayensa suke raye, idan suka ce akwai maganar da suke so ku yi, ko sun ce ba ta gaggawa ba ce, ya ajiye wayar ya zauna a ranar. Ni na ce to, na tafi, kuma zan koma ga Allah ban san abin da babana ya so ya gaya mini ba. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.